Me ya sa 0.7 ya fi 0.125 girma? Yadda ake gwada adadi mai ɗigo da jera shi

Tambaya: Ɗana yana aji biyar na firamare. An ba su aikin gida su jera waɗannan daga ƙarami zuwa babba: 0.7, 0.65, 0.605, 0.07, 0.125. Shi kuma ya jera su haka: 0.7, 0.07, 0.65, 0.125, 0.605. Malaminsu ya ce bai ci ba. Na san ba daidai ya yi ba, amma da ya ce in faɗa masa dalilin da zai sa 0.7 ya fi 0.125 alhali 125 ya fi 7, sai na rasa ta cewa. Yaya ake gane babba, kuma ta yaya zan fahimtar da shi?

Amsa: Malam, jerin da ya dace shi ne 0.07, 0.125, 0.605, 0.65, 0.7. Amma kafin mu shiga dalili, ina so ka sake duba amsar yaron nan, domin ba canka ya yi ba. Sa yatsa ka rufe sifili da ɗigon da ke farkon kowane adadi, ka ga abin da ya rage: 7, 07, 65, 125, 605. Ya jera su tsaf bisa ƙa'idar da ya sani tun yana aji ɗaya, cewa adadin da ya fi yawan lambobi shi ne babba. Ƙa'idar kuwa gaskiya ce a cikakken adadi, ba ta taɓa ba shi kunya ba: 125 ya fi 65, dubu ya fi 999. Matsalar ita ce ya tsallaka da ita bayan ɗigo, inda ba ta aiki. Yaron da ya yi irin wannan kuskure yana tunani, kuma gyara shi ya fi sauƙi a kan gyara wanda yake jefa amsa kawai. Kada ka ce masa bai iya lissafi ba.

Abin da zai fara kamawa shi ne, darajar lamba tana ga gurbin da take zaune. Wannan ya riga ya san shi ta hagun ɗigo: 7 ɗin da ke cikin 700 ta ninka 7 ɗin da ke cikin 70 sau goma. Duk gurbin da ka matsa dama, daraja tana raguwa sau goma: dubu, ɗari, goma, ɗaya. To, idan aka kai ɗaya tafiyar ba ta tsayawa. Gurbi na gaba ɗaya bisa goma ne, na gaba da shi ɗaya bisa ɗari, sannan ɗaya bisa dubu, haka har illa masha Allahu. Aikin ɗigo guda ɗaya ne tak, ya nuna inda gurbin ɗaya yake. Ba katanga ba ce da ta raba adadi biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Yawancin yaran da ke rikicewa haka suka ɗauke shi, suna ganin 3.125 kamar “uku” ne a gefe guda da “ɗari da ashirin da biyar” a ɗaya gefen.

Saboda haka 0.7 yana nufin bakwai bisa goma. Shi kuwa 0.125 yana nufin ɗaya bisa goma, da biyu bisa ɗari, da biyar bisa dubu. A babban gurbi, na farko yana da bakwai, na biyu yana da ɗaya kacal, sauran abin da ya biyo masa baya ƙananan gutsattsari ne.

Idan kana son yaro ya gani da idonsa, ɗauko abin awo mai mita ɗaya. Mita tana da santimita 100, ko milimita 1000. Ku mai da kowane adadi milimita: 0.7 na mita milimita 700 ne, 0.65 milimita 650 ne, 0.605 milimita 605 ne, 0.125 milimita 125 ne, 0.07 kuwa milimita 70 ne. Bar shi ya sa alama a kan kowanne da hannunsa. Zai ga 0.7 can nesa ya wuce rabin mita, 0.125 kuma ko kwata bai kai ba. Na fi yarda da wannan a kan kowane dogon bayani, domin daga nan ba maganarka yake gaskatawa ba, abin da ya auna yake gaskatawa.

Hanyar gwadawa a takarda kuwa ba ta da wuya. A rubuta adadin ɗaya ƙarƙashin ɗaya, ɗigo saitin ɗigo. A fara dubawa daga hagu. Cikakken adadin da ke gaban ɗigo shi ake fara gwadawa, in ya bambanta magana ta ƙare: 12.1 ya fi 9.8765 ko da wutsiyar na biyun ta kai ina. In sun zo ɗaya, a duba gurbi na farko bayan ɗigo, in nan ma ɗaya ne a matsa na biyu. Gurbin farko da aka sami bambanci shi ke yanke hukunci, ba a kuma sake duba abin da ke bayansa. Kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus ne: “gaisuwa” tana zuwa kafin “gida” duk da ta fi ta tsawo, saboda harafi na biyu ya riga ya raba gardama. A aikin ɗanka, gurbin farko bayan ɗigo yana ɗauke da 7, 6, 6, 0, 1. Nan take uku sun sami matsayinsu: mai 0 ne ƙarami, sai mai 1, mai 7 kuma shi ne babba. Saura biyu masu 6, wato 0.65 da 0.605. A gurbi na biyu ɗaya yana da 5, ɗaya yana da 0, don haka 0.65 ne a sama.

Yaro mai kaifin basira zai iya tambaya: don me za a ƙyale lambobin da ke baya, ba za su iya taruwa su cike giɓin ba? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce ginshiƙin duk wannan darasi. Ɗauki 0.6 da 0.7. Tsakaninsu akwai ɗaya bisa goma, wato goma bisa ɗari. Gurbi na biyu ba ya ɗaukar abin da ya wuce 9, don haka iyakar abin da zai ƙara wa 0.6 shi ne tara bisa ɗari, ya zama 0.69. Saura ɗaya bisa ɗari. Cika gurbi na uku da 9, ya zama 0.699, saura ɗaya bisa dubu. Kowane sabon gurbi yana rage giɓin amma ba ya rufe shi. Muddin jerin lambobin yana da ƙarshe, adadin da ya fara da 0.6 ba zai kamo 0.7 ba. Sai fa in taran ba su da ƙarshe, to a nan 0.6999… daidai yake da 0.7, kamar yadda 0.999… yake daidai da 1. Mutane da yawa suna jin nauyin yarda da wannan, amma duba: ɗaya bisa uku shi ne 0.333…, in ka ninka shi sau uku ka sami 0.999…, kashi uku na ɗaya bisa uku kuma ai ɗaya ne cif. Ko a nan ma kamowa ya yi, bai wuce ba. Wannan ba na aji biyar ba ne, na faɗa ne don kai.

Akwai dabarar da malamai da yawa ke koyarwa, a cika sifili a ƙarshe har duk adadin su yi tsawo ɗaya: 0.700, 0.650, 0.605, 0.070, 0.125. Daga nan a gwada su kamar cikakken adadi, 700, 650, 605, 70, 125. Dabarar daidai ce, ita ce ma abin da muka yi da muka koma milimita. Damuwata da ita shi ne idan aka ba yaro ita tsurarta, ba tare da dalili ba. Zai ci jarrabawar gobe, amma tunaninsa na da yana nan daram, kuma ranar da ya manta wane gefe ake sa sifilin sai ya mai da 0.7 ya zama 0.007. A nuna masa cewa sifili iri biyu ne a nan. Wanda aka ƙara a ƙarshen dama bai ture kowa daga gurbinsa ba: a 0.70 bakwai tana nan a gurbin bisa goma, sifilin cewa kawai yake babu komai a gurbin bisa ɗari. Wanda aka cusa tsakanin ɗigo da lamba kuwa ya tura ta gaba, darajarta ta ragu sau goma. Shi ya sa 0.7 da 0.70 abu ɗaya ne, amma 0.7 ya ninka 0.07 sau goma. Haka nan sifilin da ke tsakiyar 0.605 ba ado ba ne, shi ya riƙe 5 a gurbin bisa dubu.

Yanzu ga abin da nake so ka yi hattara da shi, domin a nan iyaye da malamai suke sakin jiki da wuri. Da zarar an ce wa yaro dogon adadi ba lallai ne ya zama babba ba, wasu sai su juya ƙa'idar su ce to gajere ne babba. Hujjarsu ma tana da ɗan ƙamshin gaskiya: sun ji cewa ɗaya bisa goma ya fi ɗaya bisa dubu, sai suka ɗauka duk adadin da ya tsaya a gurbin farko ya fi wanda ya kai gurbi na uku. Irin wannan yaro zai ce 0.3 ya fi 0.496. Wasu kuma suna kallon 0.3 kamar ɗaya bisa uku, 0.4 kamar ɗaya bisa huɗu, sai su ce 0.3 ya fi 0.4. Masu binciken koyar da lissafi biyu a Jami'ar Melbourne ta Ostareliya, Kaye Stacey da Vicki Steinle, sun gwada dubban ɗalibai a kan wannan batu. Sun ga kuskuren “dogo ne babba” ya fi yawa ga ƙananan yara kuma yana raguwa yayin da suke gaba a karatu, amma na “gajere ne babba” yana liƙe wa wasu har cikin sakandare. Dalilin liƙewarsa a fili yake: mai wannan tunani in ka tambaye shi 0.7 da 0.125 zai ba ka amsa daidai, ka ɗauka ya gane, alhali dacewa ya yi.

Don haka kada ka gwada ɗanka da tambaya iri ɗaya. Haɗa masa waɗannan, ka ce ya zaɓi babba a kowanne ya kuma faɗi dalili: 0.8 da 0.75, sai 0.3 da 0.496, sai 0.09 da 0.1, sai 2.6 da 2.60, sai 4.45 da 4.4502, sai 0 da 0.6. Ta farko tana kama mai cewa dogo ne babba, ta biyu tana kama mai cewa gajere ne babba. Ta uku da ta huɗu suna nuna ko ya fahimci aikin sifili. Ta biyar tana kama wanda ya koyi adadi mai ɗigo ta hanyar kuɗi kawai, wanda yake ganin komai ya ƙare a gurbi na biyu, sai ya ce 4.45 da 4.4502 ɗaya ne. Wannan ya sa ba na son a dogara da misalin kuɗi shi kaɗai: kuɗi kusan kullum gurbi biyu ne bayan ɗigo, tsawon duk ɗaya ne, don haka yana ɓoye matsalar maimakon ya warkar da ita. Ta ƙarshe kuwa za ka yi mamakin yaran da ke cewa 0 ya fi 0.6, saboda sun ɗauka duk abin da ke bayan ɗigo ƙasa da sifili yake.

Wani abu ƙarami mai babban tasiri shi ne yadda ake karanta adadin da baki. In ana ce wa yaro “sifili ɗigo ɗari da ashirin da biyar”, kunnensa ya ji ɗari, dole ya ga ya fi “sifili ɗigo bakwai”. A karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya: sifili ɗigo ɗaya, biyu, biyar. Lokaci-lokaci kuma a sa shi ya faɗi cikakkiyar ma'anar, ɗari da ashirin da biyar bisa dubu, a gwada da ɗari bakwai bisa dubu.

Ba yara kaɗai abin ya taɓa ba wa wahala ba. An daɗe kafin masana su daidaita a kan yadda za a rubuta shi. Abul Hasan al-Uƙlidisi ya yi amfani da irin wannan adadi a littafin lissafin da ya rubuta a Dimashƙ wajen shekarar 952, Jamshid al-Kashi ya yi masa cikakken bayani a Samarƙand a 1427, sannan Simon Stevin ya yaɗa shi a Turai da ɗan littafinsa na 1585. Stevin bai yi amfani da ɗigo ba. Bayan kowace lamba yakan zana ɗan da'ira mai 1, ko 2, ko 3 a ciki don ya nuna gurbinta. Rubutun yana da nauyi, shi ya sa aka bar shi, amma ga mai koyo yana da amfani: ka sa yaro ya rubuta sunan kowane gurbi a saman lambobinsa na ɗan lokaci har abin ya zauna masa. Har yau ma duniya ba ta haɗu a kan alama ɗaya ba. A Ingila da Amurka ɗigo ake sawa, a Faransa da Jamus waƙafi ake sawa, su rubuta 0,7. Wanda ya ga 1,250 sai ya san daga inda takardar ta fito kafin ya ce dubu da ɗari biyu da hamsin ne ko ɗaya da kwata.

Kada kuma a ɗauka wannan wasan aji ne da ke ƙarewa da jarrabawa. Akwai maganin zuciya mai suna digoxin da ake yin ƙwayarsa a ƙarfin miligiram 0.125 da kuma 0.25. Mai tunanin “dogo ne babba” zai ɗauka ta farkon ce mai ƙarfi, alhali rabin ta biyun ce. Irin wannan haɗari ne ya sa ƙa'idojin rubuta magani suke cewa a rubuta 0.5 da sifilinsa a gaba, kada a rubuta .5 kawai, kuma kada a rubuta 1.0 a maimakon 1, domin in ɗigon bai fito sosai ba za a karanta 5 ko 10, a ba mara lafiya ninki goma. A lissafi 1.0 da 1 abu guda ne, amma a takardar magani ana gudun na farko. A ɗakin gwajin kimiyya kuma akasin haka ne, wanda ya rubuta 2.50 yana sanar da kai cewa awonsa ya kai har gurbin bisa ɗari, ba kamar wanda ya rubuta 2.5 ba. Darajar ɗaya ce, saƙon ne ya bambanta.

In yaronka mai son wasanni ne, ga misalin da zai riƙe. A tseren mita 100 na maza a gasar Olamfik ta Faris a 2024, Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika duk an rubuta musu daƙiƙa 9.79. Gurbi biyu bai raba su ba, sai da aka leƙa na uku: Lyles 9.784, Thompson 9.789. Tara ɗaya, bakwai ɗaya, takwas ɗaya, sai a gurbin bisa dubu aka sami 4 da 9. Tazarar daƙiƙa 0.005 ce ta ba Lyles zinare. Lura kuma a nan mai ƙaramin adadi ne ya yi nasara, saboda lokaci ake aunawa. Yara sukan jera adadi daidai su faɗi tambaya don ba su tsaya sun ga me ake nema ba, daga ƙarami zuwa babba ne ko daga babba zuwa ƙarami.

Nan gaba kaɗan za a fara haɗa masa adadi mai ɗigo da mai “bisa” a tambaya guda. Mafi sauƙi a mai da su duka masu ɗigo ta hanyar rabawa, sannan a bi ƙa'idar nan ta hagu zuwa dama. Ɗaya bisa uku ya fi 0.33, domin shi 0.333… ne, a gurbi na uku yana da 3 inda ɗayan yake da 0. Misalin da na fi so shi ne na π, adadin da ake auna da'ira da shi, wanda ya fara da 3.14159. Ɗalibai da yawa sun ɗauka 3.14 da 22/7 da π duk abu ɗaya ne. In ka raba 22 da 7 za ka sami 3.142857…, don haka jerin shi ne 3.14, sai π, sai 22/7. Dukansu sun yi tarayya har gurbi na biyu, a na uku suka rabu da 0, 1, 2. Daga nan ne kuma zai gane cewa babu wani adadi da ke “biye” da 0.5 kai tsaye yadda 6 ke biye da 5. Tsakanin 0.5 da 0.6 akwai 0.55, tsakanin 0.5 da 0.51 akwai 0.505, kullum akwai wurin cusa wani.

Idan aka zo adadin da ke ƙasa da sifili, jerin yana juyewa. 0.5 ya fi 0.45, amma −0.5 bai kai −0.45 ba, saboda ya fi shi nisa da sifili ta ɓangaren ƙasa. A gwada su kamar babu alamar ragi, sannan a juya sakamakon. Zana layin lamba yana hana ruɗewa a nan: wanda ya fi kusa da dama shi ne babba, ko da wace alama yake ɗauke da ita.

Sai abu guda da ke rikita har manya: ba duk ɗigon da ke tsakanin lambobi ba ne wannan ɗigon da muke magana. Wanda ya rubuta ƙarfe 2.30 yana nufin biyu da rabi, domin awa minti 60 ce, ba 100 ba. Amma awa 2.30 a lissafi awa biyu ne da minti 18, awa biyu da rabi kuma 2.5 ake rubuta shi. Haka lambobin babi da sashe a littafi, sashe na 4.10 yana zuwa bayan 4.9, da lambobin sabunta manhajar kwamfuta, inda Python 3.10 ta fito bayan 3.9. A waɗannan wurare ɗigon raba cikakkun adadi biyu yake yi, kuma karatun da ɗanka ya yi wa aikin gidansa shi ne daidai a can. Yana da kyau ka nuna masa wannan bambanci da kanka, ka ce ya riƙa tambayar kansa kafin ya fara gwadawa: lambobin da ke bayan ɗigon nan gutsattsarin ɗaya ne da aka kasa goma-goma, ko kuwa ƙidaya ce ta daban?